TARIHI: Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da masanin lissafin Alƙahira ya ɗauki karatu a gabansa

A shekarar 1749 daular Turkawa ta aika wa Masar sabon gwamna mai suna Ahmad Basha, mutum mai sha'awar lissafi da falaki. Tun yana Istanbul yake jin ana yabon Masar da cewa ita ce matattarar ilimi, saboda haka da manyan malaman Azhar suka hau fadarsa gaisuwa, ciki har da shugabansu Shehu Abdullahi al-Shubrawi, sai ya shiga yi musu tambayoyi a kan lissafi. Malaman suka noƙe, suka nuna masa cewa wannan ba fagensu ba ne. Gwamna bai ɓoye mamakinsa ba, kuma ya faɗa wa Shubrawi abin da ke ransa. Abin da ya fitar da birnin kunya shi ne sunan wani malami da ke karantarwa a gidansa, Shehu Hasan al-Jabarti. Aka kira shi, Basha ya jarraba shi ya gamsu, har ya mayar da kansa ɗalibinsa, ya riƙa sassaƙa agogon rana a kan marmara, aka kafa ɗaya a masallacin Azhar.

Wanda ya rubuta wannan labari ɗan Shehu Hasan ne, Abdurrahman al-Jabarti, babban marubucin tarihin Masar, a littafinsa Aja'ibul Asar. A cikin littafin nan kuma, a sashen da yake jero malaman da suka rasu, akwai tarihin wani baƙo da ya zo daga ƙasar baƙar fata, wanda Shehu Hasan ya ɗauki ilimin hatimi da lissafin haruffa a wurinsa. Falaki da auna sarari Shehu Hasan ya karance su a wajen wasu malaman, amma wannan fanni ɗaya a gaban baƙon ya durƙusa. Sunan baƙon Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi al-Sudani, wato Bafillace, Bakatsine, daga ƙasar Sudan, sunan da Larabawan wancan zamani ke kiran wannan yanki namu da shi. Shekara takwas ke nan da rasuwarsa lokacin da gwamna ke neman mai amsa masa tambayar lissafi.

Abdurrahman bai taɓa ganin sa ba, domin an haife shi fiye da shekara goma bayan rasuwar al-Kashinawi. Sai dai ya tashi a gidan da littattafan mamacin suke ajiye, a hannun uban da ya binne shi, shi ya sa bayaninsa ya zo da ƙananan abubuwa irin waɗanda ba a samu sai a bakin mai su ko a rubutun hannunsa. Wannan bayani da littattafan da al-Kashinawi ya wallafa su ne ginshiƙin duk abin da za a iya faɗa a kansa da tabbaci. Sauran abubuwan da ke yawo a intanet, kamar ranar haihuwa da hoton fuska da ake liƙa masa, ƙari ne na masu son kyautata labari.

Cikin laƙabin da al-Jabarti ya jero masa har da Ɗanrankawi, wanda ke danganta shi da Ɗan Ranko, wani tsohon gari a ƙasar Katsina. Ya taso a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, lokacin da Katsina ke kan ganiyarta. Ayarin raƙuma na sauka a birnin daga Agadas da Gadamas, fataken goro na fita zuwa Gwanja, littattafai da takarda kuma na shigowa tare da sauran haja. Hasumiyar Gobarau ta riga ta daɗe a tsaye. Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, da Wali Ɗan Marina sun bar wa garin suna a fagen wallafa da Larabci, har ɗalibai na tahowa daga nesa. Mutane da dama kan rubuta cewa a Gobarau ya yi karatu, kamar yadda ake cewa wane ya fito daga jami'a kaza. Al-Jabarti kuwa malamai ya lissafa, domin a wancan tsari mutum ake bi, kuma duk inda malami ya nufa nan makaranta ta koma.

Huɗu ya ambata. Akwai Shehu Muhammad al-Wali, malamin Bagarmi da ke cikin Chadi ta yanzu, wanda ya shahara da sharhin aƙidar Sanusi da kuma rubutunsa na haramta shan taba. Akwai wani Shehu Hashimu. Sai biyun da suka fi tasiri a rayuwarsa, Muhammadu Fudu da Muhammadu Bindu.

Shekara kusan huɗu ya yi yana biye da Muhammadu Fudu, a gida da kan hanya, kuma a wurinsa ya ce ya fara samun buɗi. Ya karanci yawancin littattafan adabi a hannunsa. Ya haddace Maƙamat har ta kai idan aka ambaci kalma ɗaya daga ciki sai ya kawo abin da ya gabace ta nan take, ba tare da ya tsaya tunani ba. Duk wanda ya taɓa zama da wannan littafi a makarantar zaure ya san irin sarƙaƙƙiyar lugga da ke cikinsa, kuma ya san cewa karanto abin da ke gaba ya fi sauƙi nesa a kan komawa da baya. Malamin ya fara yi masa laƙabi da mai Maƙamat, da ya ga kuma ya ƙware a sarfu da nahawu sai ya sauya masa suna zuwa Sibawaihi, sunan limamin masana nahawun Larabci. Wannan kai mai riƙe jerin kalmomi gaba da baya shi ne daga bisani zai riƙe jerin lambobi.

A wurin Muhammadu Bindu ya yi karatun da ya fi faɗi: usulu, balaga, manɗiƙi, Alfiyyar Iraƙi ta ilimin hadisi, littattafan aƙida shida na Sanusi, Sahihul Buhari, da kashi uku cikin huɗu na Muhtasar Halil. A wurinsa kuma ya ɗauki hisabi, da sanin lokuta, da ilimin haruffa da na hatimi, bisa tafarkin malaman Magrib. Ya kamata a lura da wannan jeri, domin yana nuna cewa malamin da ya karantar da shi Buhari shi ne ya karantar da shi hatimi, a zaure ɗaya, kuma babu alamar ɗayansu ya ga wani saɓani a tsakani.

Hisabi a wancan zamani yana da aikin yi na yau da kullum. Alƙali ba ya raba gado sai da shi, musamman idan magada sun yi yawa kuma rabo ya karye. Ladan yana buƙatar sanin tsawon inuwa kafin ya kira azahar da la'asar, mai gina masallaci yana buƙatar alƙibla, manomi yana jiran malami ya faɗa masa tauraron da aka shiga cikin masaukan wata 28 kafin ya yi shuka. Kayan aikin duka kuwa shi ne abajada, inda kowane harafi ke ɗauke da adadi: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa dubu. A nan ne maganar tafarkin Magrib take da muhimmanci, saboda lissafin Gabas da na Magrib sun saɓa a haruffa shida. A Gabas sin ne 60, gain ne 1000. A Magrib, da mu nan da muka gaji tsarinsu, sad ne 60, shin ne 1000. Shi ya sa ramzin da malaman Sakkwato ke rufe waƙoƙinsu da shi don nuna shekarar wallafa yakan ɗauki harafin shin. Mutumin da ya tashi da lissafin Katsina ya sauka Alƙahira dole ya iya sarrafa tsarin biyu, in ba haka ba duk abin da ya ƙirga zai fito da kuskure a idon mai masaukinsa.

Da ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar hajji, tafiyar ta zama wata makarantar. Ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. A ƙasar Barno ya yada zango wata biyar wajen wani malami, ya ƙaro ilimin asirai da bugun ƙasa da wasu littattafan hisabi. Al-Jabarti ya ce ya rubuta labarin wannan tafiya a littafi na musamman. Ya yi aikin hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wato 1730, ya zauna maƙwabtaka da Ɗakin Allah na wani lokaci, kuma a Makka ya fara rubuta littafinsa mafi girma.

Akwai abin da ke jiran kowane malami baƙar fata a wannan hanya. Mutanen Hijaz da Masar sun daɗe da ɗaukar 'yan Takarur, kamar yadda suke kiran alhazan Afirka ta Yamma, a matsayin masu riƙe da asiri. Matafiyin nan ɗan Suwizalan, Burckhardt, wanda ya bi ayari daga Shandi zuwa Sawakin a 1814, ya ga yadda da yawa daga cikin alhazan nan ke samun guzuri ta hanyar rubuta laya. Wannan suna yana buɗe ƙofa, yana kuma ƙuntata mutum, domin wanda ya zo da nahawu da manɗiƙi da fiƙihu sai a tarye shi da buƙatar laƙani. Jerin littattafan al-Kashinawi ya nuna bai yarda a taƙaita shi a nan ba. Ya yi waƙar manɗiƙi mai suna Manhul Ƙuddus, ya bi ta da sharhi, Izalatul Ubus, wanda al-Jabarti ya ce ya kai kusan kurrasa 60. Ya rubuta Bulugul Arab a nahawu. Amma duk da haka littattafai biyu ne suka ɗauki sunansa zuwa yau, kuma dukkansu na fannin asiri ne: Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da hatimi, da Addurrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, wanda ya kammala a Alƙahira cikin Rajab na 1146, daidai da ƙarshen 1733 ko farkon 1734.

Me ke cikin hatimi

Babu Bahaushen da bai san hatimi ba, ko da bai san abin da ke ciki ba. Yana jikin allon rubutun sha, yana naɗe cikin layar da baduku ya ɗinke da fata, yana maƙale a saman ƙofar wasu shaguna daga Kurmi har Panshekara. Abin da ba kowa ya tsaya ya duba ba shi ne cewa mafi yawan hatiman da ke ɗauke da lambobi amsar wata tambaya ce ta lissafi: ta yaya za a zuba lambobi a gidajen murabba'i yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya? Larabawa na kiran wannan wafaƙi, wato dacewa. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku, wanda malamanmu ke kira musallasi:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Duk ta inda aka bi 15 za a samu. Lambobin da ke kusurwoyi, 2 da 4 da 6 da 8, idan aka mayar da su haruffa sai su ba da ba, dal, waw, ha, kuma daga nan kalmar buduhu ta fito, wadda ake gani a rubuce-rubucen asiri da yawa.

Mutum zai iya samo wannan ƙaramin ta hanyar gwaji da gogewa. Mai gida biyar-biyar yana da gida 25, mai tara-tara 81, kuma a nan gwaji ba ya kai mutum ko'ina, sai da ƙa'ida. Rubutun al-Kashinawi ya fi shahara a kan hatiman wutiri, waɗanda adadin gidajen gefensu ba ya rabuwa biyu daidai, kamar 3 da 5 da 7, inda ya kawo hanyoyin cika su mataki-mataki, har da masu bin tsallen doki irin na wasan shaɗaranji. Ga ɗaya daga tsofaffin hanyoyin da malaman Musulunci suka gada, don mai karatu ya ɗanɗana irin aikin. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan a riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa, gida ɗaya dama. Idan an faɗa waje ta ƙasa sai a ɓullo ta sama, idan an fita ta dama sai a shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu. Idan aka tarar da gida a cike, sai a koma kan lambar da aka rubuta ta ƙarshe a sauka gida biyu a tsaye, a ci gaba. Wanda ya bi wannan a gida uku-uku zai ga musallasin da ke sama ya fito da kansa. A gida biyar-biyar kuma ga abin da zai samu:

11 24 7 20 3
4 12 25 8 16
17 5 13 21 9
10 18 1 14 22
23 6 19 2 15

Kowane layi 65. Ita ma jimlar ba sai an gama cikawa ake sanin ta ba: a haɗa lambar farko da ta ƙarshe, a ninka da adadin gidajen gefe, a raba biyu. A nan 1 da 25 sun ba da 26, sau 5 ya zama 130, rabinsa 65.

Wannan duk share fage ne, domin abin da malamin hatimi ke nema shi ne ya sa jimlar ta dace da adadin wani suna ko wata aya. Sunan Allah a abajada 66 ne. Ƙa'idar musallasi ita ce a cire 12 daga adadin, a raba saura gida uku, abin da ya fito shi ne mabuɗi. 66 a cire 12 saura 54, kashi ɗaya cikin uku 18, sai a fara da 18 a gidan 1 a ƙare da 26 a gidan 9, kowane layi ya ba da 66. To amma sunan Muhammadu 92 ne, kuma 92 ba ya rabuwa uku. Jimlar musallasi kuwa kullum ninki uku ce ta lambar da ke tsakiya, don haka babu dabarar da za ta shigar da 92 cikinsa ba tare da wani layi ya karye ba. Sai a koma mai gida huɗu-huɗu, a cire 30, a raba huɗu, a samu 15 da ragowar 2, sa'an nan a san gidajen da za a ɗora wa ragowar yadda kowane layi zai sami rabonsa daidai. Mai yin wannan yana aiki da rabawa da ragowa, da jerin lambobi masu tazara ɗaya, da abin da zai yiwu da wanda ba zai taɓa yiwuwa ba. Ko me ya yi niyyar yi da takardar daga baya, abin da hannunsa ya aikata lissafi ne tsantsa, kuma kuskuren lamba ɗaya yana rushe shi.

Ya san wahalar abin. Ya gargaɗi ɗalibi da kada ya yanke ƙauna idan gidaje suka ƙi dacewa, ya kwatanta naci a wannan fanni da nacin mai neman masoyi. Ya kuma yi wasiyya da a yi aikin a ɓoye, domin a ganinsa haruffa da lambobi taska ce ta Ubangiji da ba a baza ta ga kowa.

A nan ne ya kamata a rage wa masu yabo gudu. Ba shi ya ƙirƙiro hatimi ba. Mutanen Sin sun san musallasi tun kafin zuwan Musulunci da daɗewa. 'Yan Ihwanus Safa na Basra sun kawo hatimai a rubuce-rubucensu a ƙarni na 10, Abul Wafa al-Buzjani ya yi littafi a kan gina su a wannan ƙarnin, Ahmad al-Buni kuma, wanda ya rayu a ƙarni na 13, shi ne ya fi kowa yaɗa amfani da su a fannin asiri. Darajar al-Kashinawi tana wani wuri dabam. Gadon da ya taso daga Bagadaza da Masar da Magrib ya ratsa Sahara, ya zauna a Katsina da Barno da Bagarmi har ya yi jijiya, sa'an nan wani ɗan ƙasar ya mayar da shi Alƙahira a tsare, a matsayin mai bayarwa. Duk ilimin da ya sa aka girmama shi a Masar a nan gida ya same shi, a hannun malaman da sunayensu kansu, Fudu da Bindu, ba na Larabawa ba ne.

A shekarun nan Turawa ma suna wasa da hatimi. Jakadan Faransa de la Loubère ya dawo daga Siyam ya buga wata hanyar cika hatiman wutiri a 1691, 'yar'uwar wadda aka bayyana a sama. A 1693 aka buga aikin Frénicle da ya nuna cewa hatimi mai gida huɗu-huɗu iri 880 ne, idan ba a ƙirga juyi da birkitawa ba. Na biyar-biyar sai a 1973 kwamfuta ta ƙirga su, suka kama 275,305,224. Leonhard Euler, wanda ya bar Rasha ya koma Balin a 1741, shekarar da al-Kashinawi ya rasu, ya yi rubutu a kan hatimi a 1776, kuma daga irin wannan bincike nasa aka sami tsarin da masu nazarin noma ke bi a yau wajen rarraba iri da taki a fulotan gwaji, da ma wasan sudoku da ke shafukan jaridu.

Sai dai hatimi a wurin Euler abin hutu ne. Babban aikinsa, da na waɗanda suka biyo bayan Newton da Leibniz, shi ne lissafin sauyi: yadda za a rubuta dokar da ke tafiyar da abu mai motsi, ruwa mai gudu ko ƙarfe mai ɗaukar zafi, a warware ta a san inda abin zai kasance nan gaba. Tukwanen tururi da injinan da suka rage suna juyawa a Sharada da Challawa da Bompai 'ya'yan wannan lissafi ne. Al-Kashinawi bai shiga wannan fage ba, Shehu Hasan ma bai shiga ba, kuma ba a yi musu adalci idan aka ɗora musu abin da ba su yi ba don a huce haushin Turawa. Sun tsaya a ƙarshen wata doguwar hanya mai daraja, a daidai lokacin da wata sabuwa ke buɗewa a inda ba su gani.

Ɓangaren da ake tsallakewa

Addurrul Manzum ba littafin da za a miƙa wa ɗalibin sakandare ba ne. Sunansa ma ya nuna cewa tace wani tsohon littafi ne, Assirrul Maktum, wanda ake danganta wa Fahruddin al-Razi da ya rasu a 1210, kuma malamai sun daɗe suna jayayya a kansa saboda abin da ya ƙunsa na taurari da ɗalasimai. Al-Kashinawi ya tsara nasa a gabatarwa da manufofi biyar da rufewa. A wannan duniyar tunani kowane hatimi yana da tauraronsa, daga musallasi na Zuhalu har zuwa mai tara-tara na wata, kuma akwai sa'ar da ake rubuta kowanne. Ya yi imani da tasirin waɗannan abubuwa, bai rubuta su don nishaɗi ba.

Wannan ya sa mutane iri biyu ke kasa riƙe shi gaba ɗaya. 'Yan boko masu neman gwarzon lissafi na Afirka sukan ɗauki murabba'an su yi shiru a kan ɗalasiman. Masu tsananin ƙin tsibbu kuma, idan sun ji sunan littafin, sai su yar da mutumin da duk abin da ya sani. Ita jayayyar ta girme mu duka. Ibn Haldun ya sa ilimin asiran haruffa kusa da sihiri a Muƙaddimarsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan suka ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da duban taurari. Amma ɗansa Muhammadu Bello ya ambaci al-Kashinawi cikin malaman ƙasar nan a Infaƙul Maisur, jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa kuma ya zurfafa a ilimin asirai har ya yi wallafa a kai. Hukuncin halal da haram na malaman shari'a ne, kuma sun yi magana. Abin da ya rage wa mai rubuta tarihi shi ne kada ya yanke rabin mutum ya nuna wa jama'a a matsayin dukansa. Asarar da wannan yanka ta jawo a bayyane take: yaro a Kumbotso zai gama sakandare yana ganin lissafi kayan Bature ne, alhali kakansa na da takarda a cikin gafaka mai ɗauke da jerin lambobin da malamin lissafinsa zai sha gumi kafin ya bayyana dalilin dacewarsu.

A Alƙahira al-Kashinawi ya fara zama a Darbul Atrak, wani lungu da ke dab da Azhar, kafin ya koma gidan Shehu Hasan al-Jabarti. Su ma Jabartawa asalinsu baƙi ne daga gaɓar ƙahon Afirka, kuma gidansu ne ke riƙe da shugabancin masaukin ɗaliban Jabarti a Azhar tun kakanni. A wannan gida ya rasu a 1154 ta Hijira, wato 1741, shekara goma sha ɗaya bayan hajjinsa, bai sake ganin Katsina ba. Ya naɗa Shehu Hasan wasiyyin dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a Bustanul Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin inda ake kai malaman Azhar, ya gina masa kabari ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a jiki.

Littattafansa sun bi hanyoyi biyu. Addurrul Manzum ya shiga hannun masu ɗab'i, har kamfanin Mustafa al-Babi al-Halabi na Alƙahira ya buga shi a 1961, ya ci gaba da yawo tsakanin masu neman asiri a ƙasashen Larabawa da Afirka. Ɓangaren lissafin kuwa sai da Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan bayaninsa na ramzi a mujallar cibiyar adana rubutun Larabci ta Jami'ar Ibadan a 1967, sa'an nan Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta kawo hatimansa a littafinta Africa Counts a 1973, daga wani kwafin rubutun hannu da ke ajiye a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Landan. Daga littafin Zaslavsky ne sunansa ya shiga darussan tarihin lissafi a Amurka da Turai, inda ake sa yara su cika murabba'i mai gida biyar-biyar bisa hanyar malamin Katsina.